Shawarwarin da aka bayar kan zaman Yahudawa da Kiristoci

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Unguwar Rimi maganar yadda Yahudawa da Kiristoci ke zama su tattauna ta taso, har shayina ya huce ban sha ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin in manta.

Baba, wani tsohon malamin makaranta Kirista daga Sabon Tasha, shi ya fi daɗewa yana magana. Ya ce a fara da abin da aka yi tarayya a kai, Attaura da Zabura da Annabi Ibrahim da Musa, batun matsayin Yesu kuma a bari sai an saba, don nan ne gardama take. Kuma wanda ya cuci wani ya fara amsa laifi, kamar yadda cocin Katolika ta fitar da takardar Nostra Aetate a 1965 ta ce kada a ɗora wa dukkan Yahudawa alhakin mutuwar Yesu, a 1986 kuma Paparoma John Paul na biyu ya taka da ƙafarsa har majami'ar Yahudawa ta Roma. Wallahi wannan ta taɓa ni.

Wani ya ƙara da cewa kar a sa taro ran Asabar, ranar hutun Yahudawa ce, kuma ba sa cin alade ko haɗa nama da madara. Siyasar Isra'ila ma a ajiye ta gefe tukuna.

Daga nan hira ta koma kan Imam Ashafa da Fasto Wuye namu na nan Kaduna, waɗanda suka yi suna wajen sasanta Musulmi da Kiristoci, har aka tashi.