Yaya ƙauye zai ƙara gidaje ba tare da ya rasa kamanninsa ba?

Ɗalibar Tsara Gari ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina karatun tsara birane da karkara, kuma akwai tambayar da har yanzu ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Duk ƙauyen da yake da rai yana buƙatar sababbin gidaje, domin yara suna girma suna yin aure, kuma idan ba su sami muhalli ba barin garin za su yi. Amma sau da yawa idan aka kawo rukunin gidaje aka dasa a gefen ƙauye, sai gonaki su tafi, a sare itatuwa, wurin ya koma unguwar bayan gari irin wadda ake gani ko'ina. Shin akwai inda aka iya raba wannan gardama, ko kuwa dole ne a ɗauki ɗaya a bar ɗaya?

Tsohon Mai Awon Filaye ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ingila tana cikin ƙasashen da suka daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Tun dokar tsara gari da karkara ta 1947, mallakar fili a can ba ta ba mutum damar yin gini sai ya sami izinin hukuma, sannan a 1955 gwamnati ta ƙarfafa wa ƙananan hukumomi gwiwa su kewaye birane da filayen da aka hana gini a kansu, waɗanda yau suka kai kusan kashi 13 cikin 100 na faɗin ƙasar. Wannan ya tsare karkara, babu shakka, amma yana cikin abubuwan da suka sa gida ya yi tsada, har gwamnatin da ta hau mulki a 2024 ta yi alkawarin gina gidaje miliyan ɗaya da rabi tare da sassauta hanin a wasu filayen.

Abin da na koya a wurin aiki shi ne, yawan gidajen ba ya ɓata ƙauye kamar yadda wurin da aka ajiye su da saurin da aka gina su suke ɓata shi. Na taɓa yin awo wa wani kamfani da ya zana gidaje jere, duk sun juya wa gonaki baya da katanga, hanyar shiga guda ɗaya tak, ita ma ta fuskanci babban titi. Mutumin da ke zaune a nan zai shiga motarsa ya tafi birni ya dawo ba tare da ya taka tsohon garin ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar minti biyar a ƙafa ba. Da an bar 'yar hanyar ƙafa ta ratsa zuwa makaranta da dandali, an bar tsofaffin itatuwan kan iyakar gona, an kuma raba ginin kashi-kashi cikin shekaru, da garin ya haɗiye baƙinsa sannu a hankali kamar yadda ya saba tun asali.

Malamin Zanen Gini ya amsa:

Na yarda da Malam, sai dai ina so Malama ta yi hattara da kalmar kamanni, domin mu masu zane muna yawan ɗaukar cewa idan muka kwaikwayi rufi da taga da launin bango mun gama aiki. A shekarun 1940 gwamnatin Masar ta sa Hassan Fathy ya gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor, don a kwashe mutanen da suke zaune a kan tsofaffin kaburburan zamanin Fir'aunoni. Ya yi gini da tubalin laka, da rufin ƙubba, da masallaci da kasuwa, aikin da har yau ake koyar da shi a jami'o'i. Duk da haka da yawa daga cikin mutanen sun ƙi komawa, domin abincinsu yana can inda suke, kuma ba a kammala garin ba.

Akwai kuma sabuwar unguwar Poundbury a gefen garin Dorchester da ke Ingila, wadda aka fara ginawa a 1993 bisa tsarin mai zanen gini Léon Krier da goyon bayan Yarima Charles, wanda yake sarki yanzu. Wasu abokan sana'ata suna yi mata ba'a cewa kwaikwayon tsohon zamani ce kawai. Ni abin da na ɗauka a can ba adon ba ne. An cakuɗa gidajen masu ƙaramin ƙarfi da na masu hali ta yadda mai wucewa ba zai iya bambance su ba, an kuma sa wuraren aiki da shaguna a tsakiyar gidajen.

Hajiya Mai Sharhi ta amsa:

Malamai biyu sun yi maganar fili da zane, amma ba su faɗi wanda zai kwana a gidajen ba. Ƙauye mai kyan gani yana jawo masu kuɗin birni su sayi gidan hutu, su zo makonni kaɗan a shekara su kulle su tafi, sai makaranta ta rasa yara duk da cewa gidaje sun ƙaru. Saboda haka ne mutanen garin St Ives da ke yankin Cornwall na Ingila suka kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa sabon gida sai wanda zai mayar da shi mazauninsa na dindindin, kuma tun 2012 'yan Suwizalan suka amince kada gidajen hutu su wuce kashi 20 cikin 100 a kowace gunduma. Zan kuma faɗi abin da ba a so a ji: wasu masu kukan a tsare kamannin ƙauye darajar gidansu suke tsarewa, kuma su kansu baƙi ne da suka zo jiya.

Ɗalibar Tsara Gari ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Hajiya, idan haka ne, wa ya kamata ya yanke hukunci, tunda mazauna suna iya son kansu, kamfani kuma riba yake nema?

Tsohon Mai Awon Filaye ya amsa:

Bari in riga Hajiya. Dokar 2011 a Ingila ta ba mazauna damar rubuta tsarin yankinsu, a kai shi ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma da wannan damar St Ives ta yi amfani. Sharaɗin shi ne suna iya zaɓar inda gidajen za su zauna da irin fasalinsu, amma ba su da ikon rage adadin da babban tsarin hukumar yankin ya tanada. Akwai kuma rangwamen da ke ba da izinin gina gidaje kaɗan a filin da aka hana gini, muddin za su kasance masu araha har abada kuma na waɗanda suke da alaƙa da ƙauyen. Ki nemi tsarin wani ƙauye guda ki ɗora shi a kan taswirarsa ta da, ki duba ta inda sabuwar hanyar ƙafa ta haɗu da tsohuwar.