Sabermetrics da Hausa, dan Allah me za mu kira shi?

Salam jama'a, masu Hausa a baki ku matso kusa, wata kalma ce ta tsaya min a wuya tun shekaranjiya. Ƙanina ne ya tarar da ni ina kallon besbol, wasan nan da ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗaya ke bugu da sanda, a waya da tsakar dare, kun san wasannin Amurka sai wajen ƙarfe ɗaya na dare suke farawa a agogonmu, ya ji mai sharhi yana ta nanata sabermetrics sabermetrics, ya ce Yaya mene ne kuma wannan, na buɗe baki zan ba shi amsa da Hausa wallahi sai kame-kame nake.

Ga abin a taƙaice. Wani Ba'amurke Bill James ne ya ƙirƙiri kalmar wajen 1980, ya ciro ta daga SABR, sunan wata ƙungiyar masu binciken besbol da aka kafa a 1971. Manufar ita ce ka daina dogaro da ido da "ai na daɗe a harkar nan", ka tara abin da ya faru a dubban wasanni ka ga mene ne yake kawo maki da gaske. Misali ɗan wasan da ke da haƙuri, in jifa bai zo masa daidai ba ya ƙi kai bugu har a ba shi tashar farko, matakin farko na hanyar cin maki, kyauta, da can ba a ganinsa da gashi, lissafi ne ya nuna yana da tsada kuma ana sayar da shi a araha.

Da wannan Billy Beane, babban manajan kulob ɗin Oakland Athletics, ya riƙe kulob ɗin. A 2002 albashin 'yan wasansu gaba ɗaya wajen dala miliyan 40 ne, na Yankees ya ninka haka kusan sau uku, amma suka ci wasa 103 cikin 162, har da 20 a jere. Sai aka shiga playoffs, wasannin ƙarshen kaka na neman kofi, Minnesota Twins ta yi waje da su 3 da 2. Kuma ba sau ɗaya ba fa, 2000, 2001, 2002, 2003, shekara huɗu a jere suna faɗuwa a zagayen farko a wasa na biyar, biyu daga ciki ma sun fara cin wasa biyu kafin a juye musu. Shi kansa Beane a littafin Moneyball na 2003 an ruwaito shi yana cewa, da kalaman da ba zan maimaita a nan ba, abin nasa ba ya aiki a playoffs, aikinsa ya kai su can, abin da ya biyo baya sa'a ce.

Toh kalmar da nake nema sai ta iya ɗaukar wannan duka, cin da faɗuwar.

Da na jefa tambayar a nan kun kawo shawarwari, wani bawan Allah ya ce ƙididdiga kawai. Na gode malam, amma ƙididdiga ai tana gaya maka abin da ya riga ya faru ne, wane ya buga sau kaza, wane ya ci kaza, jaridun Amurka suna buga wannan tun kafin a haifi kakan Bill James. Sabon abin shi ne ka ɗauki mataki da ita, wa za ka saya, wa za ka cire a turmi na shida cikin taran da ake bugawa a wasa.

Wani kuma ya ce lissafin wasa. Na so ta da farko, sai da na faɗa da ƙarfi na ji kamar ana nufin lissafin da ba na gaske ba, irin na yara. Awon 'yan wasa ma an kawo, wannan kam asibiti ta tuna min. Mai cewa a bar ta sabametirik kamar yadda muka yi wa kwamfuta, ban ƙi ba, amma kwamfuta kana ganinta ka taɓa ta, wannan ko ka Hausantar da ita ƙanina zai sake cewa mene ne.

Sai wanda ya ce lissafin dokin Rano, hhhh Allah ya shirye ka, na san daren da kake nufi. Wasa na shida na World Series, karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, a 2020, Tampa Bay Rays da Dodgers. Blake Snell na Rays yana jifa kamar ba gobe, ya fitar da mutum 9, bugu biyu kacal aka samu a kansa, jifa 73 ya yi, Rays na gaba da 1 da nema, kawai sai ga kocinsa Kevin Cash ya fito ya karɓi ƙwallo a hannunsa a turmi na shida. Dalili wai lissafi ya nuna in masu bugu suka ga mai jifa karo na uku a wasa ɗaya sun fara gane shi. Wanda ke zuwa bugu Mookie Betts ne na Dodgers, kuma Snell ya fitar da shi sau biyu a daren. Aka sa Nick Anderson, Betts ya zabga masa bugu, kafin turmin ya ƙare Dodgers sun koma gaba 2 da 1, aka tashi 3 da 1 suka ɗaga kofi. Ni kaina a daren nan na yi tsaki har sai da na tashi mutanen gida.

Amma tsaya ka ji, wa ya haɗa Dodgers ɗin da suka ci? Andrew Friedman, wanda daga Rays ɗin aka ɗauko shi a 2014. Kenan masu lissafi ne suka doke masu lissafi, in dokin Rano ne ai duka biyun a kansa suke. Boston ma ta ɗauki Bill James aiki a 2002, ta ci kofi a 2004 bayan shekara 86 tana jira, kuma mai kulob ɗin John Henry shi ne dai na Liverpool, don haka 'yan gidan kallo da ke musu a kan xG, lissafin ƙwallayen da ake sa ran ci daga damarmakin da aka samu, duk kanwar ja ce. Theo Epstein, babban manajan da ya yi aikin Boston, ya koma Chicago Cubs suka ci a 2016 bayan shekara 108.

Ni yadda na fahimta, kamar mai awon hatsi ne da yake cin ribar naira kaɗan a kowane mudu, in ka ba shi shekara guda zai wuce maƙwabcinsa, amma in ka ce ranar kasuwa ɗaya za a duba, ruwan sama kaɗai ya isa ya ɓata masa ciniki. Kulob ɗin da ya ci 103 ai ya sha kashi sau 59, wanda ya faɗi sau 59 kuwa me zai hana ya faɗi sau uku a sati ɗaya? Dodgers sun ci 111 a 2022, San Diego mai 89 ta kore su. Cardinals da 83 kacal suka ɗauki kofin 2006. Shi ya sa na ƙi hasashe da wata 'yar uwa ta kawo, hasashe yana sa mutum ya zaci an yi masa alkawarin sakamako kamar bugun ƙasa, abin nan kuwa ɗan rinjaye yake ƙara maka kawai.

Wadda ta kwanta min ita ce dabarar alƙaluma, wani dattijo ne ya jefo ta a ƙasa kuma malam Allah ya ƙara basira. Dabara tana ci tana faɗuwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar dabarar koci a matsayin wahayi, alƙaluma kuma rediyo ta riga ta saba mana da ita. Masu yin ta sai mu ce 'yan alƙaluma, jam'in ma ya zo da kansa.

Playoffs kuma da yawa kun ce sili ɗaya ƙwale, a ƙwallon ƙafa daidai ne, amma a nan ba wasa ɗaya ake ba, wanda ya riga cin biyu cikin uku ne, sai uku cikin biyar, gaba kuma huɗu cikin bakwai. Na aro ta 'yan siyasa, wasannin fidda gwani. Na gwada a kan ƙanina ɗazu, na ce dabarar alƙaluma ta kai Oakland fidda gwani sau huɗu a jere amma ba ta ba su kofi ba, ya gyaɗa kai bai ce mene ne ba.

Saura pitcher. Ni mai jifa nake cewa tun sama, ƙanina kuma ya ce kamar yaron da ke jifan mangwaro a gonar mutane, toh wanda ke da wadda ta fi ya kawo.