Gwiwar Inna ta kumbura ta ƙage: ruwa ne, kuma me ya kamata a yi?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 61, gwiwarta ta dama ta kumbura yau kwana 5. Ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, sallah ma a zaune take yi. Maƙwabta sun ce ruwa ne, a kira wanzami ya yi mata sakiya ko ƙaho. Yaya ake gane ruwan, kuma ina za mu dosa?

Manjo na Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Kafin maganar ruwa, ka ɗora bayan hannunka a gwiwar, sannan a ɗayar. In mai ciwon ta fi zafi sosai, Inna tana zazzaɓi ko rawar ɗari, ba ta iya taka ƙafar, ko an ɗan motsa ta sai ihu, to kada a kwana: a wuce babban asibitin Damagaram yau. Mai yiwuwa mugunya ce cikin gaɓar, ita kuwa cikin ƴan kwanaki take cinye guringuntsi, kuma ba ya tsirowa.

In babu waɗannan, ga gwajin. Ta kwanta rigingine, ƙafa a miƙe, ta saki jiki. Ka kama cinyar kamar taƙi ɗaya sama da gwiwa, ka matso da hannunka ƙasa har bakin ƙoƙon gwiwa, ka riƙe nan. Da yatsu biyu na ɗaya hannun ka danna ƙoƙon. In ya nutse ya taɓa ƙashi ya taso, akwai ruwa a ƙarƙashinsa. In kumburin a saman ƙoƙon yake, dunƙule kamar ƙwai, wannan ƴar jakar da ke ƙarƙashin fata ce, ta masu yawan durƙuso, ba cikin gaɓa ba.

Sakiya dai a'a. Gaɓa rufaffen wuri ne. Ƙarfen da ya huda ta zai shigar da ƙwayar cuta ya mai da ruwan mugunya. Ƙaho kuwa jinin fata yake ja, ba ya kai wa ga ruwan.

Hajiya Mai Kine: Ɗana, a shekarun Inna, ba buguwa ba zazzaɓi, galibi zaizayar guringuntsi ce. Gaɓar ta fusata, sai ta yi ta zubo ruwa fiye da wanda take shanyewa. Shi ya sa ko an zuƙe, in ba a bi dalilin ba sai ya dawo.

A gida: ƙanƙara cikin leda, a naɗe da zane, minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana, ba a kan fata tsirara ba. Ta ɗora ƙafar bisa matasai har ta ɗara ƙirjinta tsawo, matashin a ƙarƙashin sha-raɓa da diddige. Kada a cusa shi a bayan gwiwa, nan mutane ke kuskure, don daɗin da take ji ne zai sa gwiwar ta sandare a lanƙwashe. Bandeji mai talewa a naɗa daga ƙasa zuwa sama. In yatsu suka yi sanyi ko tsami, ya yi tsauri, kuma a kwance shi da dare.

Kwanciya zalla ma illa ce, naman cinya saurin zubewa gare shi. Ƙafa a miƙe, ta danne bayan gwiwa ga katifa, ta ƙirga 10, ta saki. Sau 10, safe da rana da dare. Sanda a hannun hagu, tunda dama ce mai ciwo. Ta bar zaman tabarma da kujerar tsuguno, a samo mata kujera mai rami don masai. Ku ari awon tela, ku riƙa auna wuri ɗaya kowace safiya kuna rubutawa.

Abban Labo: Hajiya ta yi daidai, amma kwana 5 ba dalili a bayyane, ni ba zan tsaya ga ƙanƙara ba. A nuna ta a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, cikin kwana biyun nan. Hoton ƙashi yana nuna zaizaya, eko, irin hoton da ake yi wa masu ciki, ke nuna ruwa. In likita ya ga dama zai zuƙa da allura mai tsabta bayan ya wanke fatar, ya aiko mana ɗakin gwaji. Ruwan ɗorawa garau, yawanci zaizaya. Gurɓatacce, kumburi mai ƙarfi ko cuta. Jini, rauni a ciki. Ku faɗa masa in tana shan madarar da ba a dafa ba, ko tana da daɗaɗɗen tari da rama, don cutar dabbobi da tarin fuka duk suna sauka a gwiwa.

Magani kuma: parasitamol gram 1, tsakani awa 8. Ibuprofen ko diclofenac, ɗaya daga cikinsu kawai, bayan abinci, kuma ba ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini ba. Kada ku saya mata kafso mai kashe ƙwayoyin cuta wajen masu tallar magani kafin a ɗebi ruwan, yana ɓoye ƙwayar cutar, gwajinmu ya fito ba komai alhali tana nan.

Manjo na Zango: Ƙari ɗaya, Ɗan Birni. In sha-raɓar ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, kada kowa ya murza ta, jini na iya daskarewa a jijiya. A ɗauke ta a mota ko adaidaita, ba bayan kabu-kabu ba.