Mai shan tramol zai iya yankewa rana ɗaya?

Ɗan Talladje: Salama alaikum 'yan uwa. Matashi ɗan kabu-kabu a nan Yamai yana shan tramol mai 225 uku kullum. Iyayensa na son kulle shi a ɗaki ya daina gaba ɗaya. Hakan daidai ne?

Malama Nas: Wa alaikumus salam. Kada a kulle shi, don Allah. Uku mai 225 miligiram 675 ke nan, alhali likita ba ya wuce 400 a rana. Jikinsa ya riga ya saba. In aka yanke lokaci guda, cikin kwana ɗaya za a ga zufa, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wasu har da firgita da gane-gane. Wahalar takan kai mako, shi ya sa da yawa ke komawa. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, likita na lura. A kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa.

Mai Farmasi: Ƙari a kan na Malama: babban haɗarin shan tramol da yawa haka farfaɗiya ce, ga shi mutum a kan babur. In ta kama shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a bakinsa. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Kuma kada a ba shi diazepam ko giya wai ya samu barci, haɗinsu da tramol na danne numfashi.

Malama Nas: Wanda ya daina kuma ya koma kan tsohon adadinsa, nan ake yawan rasa rai, domin jikin ba ya ɗauka kamar da.