Neman kalma: me za mu kira intafes da Hausa kafin Asabar?

Mai Darasi: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ina da aji da wasu matasa masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Akwai ƙaramin laburaren sadarwa, wato tarin kayan aikin manhaja, da muka rubuta tare, wanda kowane intafes a cikinsa adireshi ɗaya tak yake riƙewa. Makon jiya wani yaro ya ƙara adireshi na biyu, sai na farkon ya goge, firintar shagon ta ɓace daga layi ga mai fotokwafi a tsaye yana jira. Gyaran wannan shi ne darasinmu. Da Hausa nake rubuta takardar, amma na cije a kan intafes, wato wurin da kwamfuta take haɗuwa da layin sadarwa, irin su eth0 da wlan0 a manhajar Linux. A taimaka don Allah.

Ɗan Kasuwar Waya: Ƙofa mana, Malam. Ta nan saƙo yake shiga, ta nan yake fita.

Mai Darasi: Na riga na ba lambobin port, irin su 80 da 443, sunan ƙofa a darasin baya. In na sake amfani da ita, zan rikita yaran.

Malama Mai Fassara: Da zan ce kafa, amma gidajen rediyo sun riga mu. Kana cewa kafar sadarwa, Facebook za su tuna.

Tsohon Injiniya: Ku ce zaure. Gidanmu na gado a cikin birni zaurensa ɗaya, sassa huɗu. Ɗan aike zai tsaya a zaure ya yi sallama, ya ambaci wanda yake nema. Haka ARP, tsarin neman mai adireshi a layi, yake yi. Ana tambaya a layi, wa ke da 192.168.1.20? Katin sadarwa na kwamfutar ya amsa da lambar shaidarsa, wato MAC mai bit 48. A sake tambayar wa ke da 192.168.1.21, katin nan dai ya sake amsawa. Ga zaure a gaba, ga ƙofofinka na 80 da 443 can ciki. Ba abin da ya ci karo.

Malamin Hausa: Kafin a kai ga zaure, wannan adireshi da laburare da kuke ta maimaitawa Hausar ina ce? Muna da mazauni, muna da taska. Intafes kuwa masada ce. Ma- a gaba, -a a ƙarshe, sunan wuri: rina ta ba da marina kamar ta Ƙofar Mata, jema ta ba da majema, sada ta ba da masada. Na daɗe ina faɗa ana share ni.

Ɗan Kasuwar Waya: Allah ya gafarta Malam, in na ce wa kwastoma masadarka ta lalace, zai ɗauka zagi ne. Ku a jami'a kuna ƙera kalma ku kulle a kabad. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma a labarai kawai muke jin ta, a kasuwa kwamfuta ce.

Malamin Hausa: To yanar gizo fa? Ba ƙera ta aka yi ba? Yau har tsohuwa ta san ta. Raini ne kawai, yaro. Kun ɗauka in ba da Turanci aka faɗi abu ba, bai cika ilimi ba.

Malama Mai Fassara: Ranka ya daɗe, littafi da alƙalami da darasi duk aro ne daga Larabci, ba mu kore su ba. Adireshi ta zauna tun zamanin gidan waya. Amma ina tare da kai a kan laburare. Ba littafi ko ɗaya a cikin wannan abin, kayan aiki ne aka adana ake ɗiba. Taska ta fi.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, na jiya daban.

Mai Darasi: Jama'a, kwana biyu ya rage mini. Bari in ƙara tambaya: adireshi na biyu da na uku, in kira su inkiya? Na ga a da ana rubuta eth0:0 da eth0:1.

Tsohon Injiniya: A'a ƙanena, nan kam kada ka yarda. Inkiya tana nufin akwai sunan yanka guda, sauran ƙari ne, kuma wannan tunanin ne ya goge muku adireshin firinta. An tsara IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet, a 1981 da bit 32, mutane suka saba da kati ɗaya, adireshi ɗaya. IPv6 mai bit 128 ba haka yake ba. Kati yana tashi yake samun adireshin cikin gida mai farawa da fe80, sannan ya sami na fita duniya, sau da yawa har da na wucin gadi da ke sauyawa. Wanne ne inkiya a ciki? Ka koya musu cewa zaure jeri yake riƙewa, kowane adireshi da iyalinsa, 4 ko 6, da tsawon gabacinsa, /24 ko /64. Ka sa su buga umarnin ip addr su gani da idonsu.

Malama Mai Fassara: Amma zaure yana da rauni guda. Tsohuwar kwamfutata tana da na igiya da na Wi-Fi. Gida ɗaya zaure biyu?

Ɗan Kasuwar Waya: Akwai su, Hajiya. Gidan da ya ratsa lungu biyu.

Mai Darasi: To ga abin da na rubuta: zauren sadarwa, da jerin adireshi, da taska. A bayanan cikin rubutun manhajar zan bar intafes, don shi za su tarar in sun shiga neman ƙarin bayani. Malam, masada tana da kyau a nahawu, amma zaure zan iya zana shi a allo.

Malamin Hausa: Taska dai an karɓa, Alhamdulillahi. Zaure kwatance ne, ba suna ba, ban janye ba. Ka sa masada ko a ƙasan shafi ne.

Mai Darasi: Zan sa. Yaya Injiniya, saura guda: in saƙo zai fita, da wane adireshi cikin jerin zai fita, kuma me zan kira wanda aka zaɓa?

Tsohon Injiniya: A Linux teburin hanyoyi ne yake nuna zauren, sannan a duba inda saƙon ya nufa a zaɓi adireshin da ya dace da shi. Suna kuwa, adireshin mai aikawa na saba cewa. Kada ka cusa shi ranar Asabar, aji guda ne shi kaɗai.