Yaya zan kare kajina da agwagina daga sanyin Minesota?

Mazauniyar Minesota:
Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan a wani ƙauye na jihar Minesota a Amurka, kuma ina kiwon kaji 6 da agwagi 3 a akurkin katako guda ɗaya a bayan gida. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, wani daren ma ya wuce haka. Makon jiya na toshe kowace kafa ta akurkin da tsumma da leda, amma da gari ya waye na tarar raɓa ta daskare a jikin rufin daga ciki, kuma zankon zakarana ya yi fari, yau tsininsa ya koma baƙi. Shin in rataya musu ƙwan lantarki mai zafi ne?

Makiyayi daga Kanada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Toshe kafofin nan shi ne ya jawo miki matsalar, kuma ni ma na yi wannan kuskure a hunturuna na farko. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41, kuma idan ta buɗa gashinta iska mai ɗumi takan maƙale a tsakaninsa, saboda haka babbar kaza mai lafiya tana jure sanyi sosai muddin jikinta a bushe yake. Abin da ke cutar da ita shi ne laima: numfashinsu da kashinsu suna fitar da tururi duk dare, idan bai sami hanyar fita ba sai ya sauka a kan zanko da yatsu ya daskare. Ki buɗe kafa a can sama kusa da rufi, ki bar ta ƙasa a toshe don kada iska ta riƙa bugunsu inda suke kwana. Sandar da suke hawa ki musanya ta da katako mai faɗi, domin idan sun kwanta cikinsu ya rufe yatsunsu gaba ɗaya.

Ƙwan zafi kuwa ba na ba da shawararsa. Akurki cike yake da ƙura da busasshiyar ciyawa, fuffuke ɗaya ya taɓa shi ana iya samun gobara, sannan ranar da wuta ta ɗauke da dare, kajin da suka saba da ɗumi su ne za su fi shan wahala. Zankon da ya yi baƙi kada ki murza shi, kada ki yanke. Yakan bushe ya faɗi da kansa, amma idan ya kumbura ko ya fara ruwa, ki kai shi wurin likitan dabbobi.

Uwar agwagi:
'Yar'uwa, ina jin rabin laimar nan daga agwaginki take. Agwagwa ba ta shan ruwa ba tare da ta watsa shi ko'ina ba, kuma kashinta ruwa-ruwa ne. Ki fitar da abinci da ruwa waje da dare, ki shimfiɗa musu ciyawar alkama mai kauri, tunda yawancinsu a ƙasa suke kwana. Da rana kuma dole ne su sami ruwan da zai shanye kansu don su wanke hanci da ido, kuma kada a ba su abinci babu ruwa a kusa. Sai dai ki duba irinsu. Idan masu jan nama a fuska ne irin waɗanda muka saba gani a gida, asalinsu yankunan zafi ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma sanyi yakan ci naman fuskar nan, musamman na toro idan ya shiga kwana da jiƙaƙƙiyar fuska.

Makiyayi daga Kanada:
Na manta ban ambaci ƙwai ba. Ki riƙa kwashewa sau biyu a rana, domin yakan daskare ya tsage. Ɗan tsakin masara da yamma yana taimaka musu, amma kada ya maye gurbin abincinsu.

Mazauniyar Minesota:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Masu jan fuskar ne nake da su. Yau da la'asar maigida ya cire ledar da ke sama, mun fitar da bokitin ruwa, kuma gobe za mu raba wa agwagin nasu ɗakin.