Wa ya taɓa haye teku zuwa tsibirin Madelen na Dakar?

Ƙanwarku ta Garin Malam: Salamu alaikum, yayyena. Wata mai kamawa zan tafi Dakar horo na sati uku, an ce za a kai mu tsibirin Madelen kallon tsuntsaye. Ni ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa tafkin Gidimuni na ƙasar Damagaram ne. Wanda ya je ya ba ni labari, gabana faɗuwa yake.

Tsohon ɗalibin jami'ar Dakar, Birni: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na je. Daga bakin ruwan Sumbejun ake tashi, inda masunta ke sauke kifi da yamma, tafiyar kamar kilomita 4 a kwalekwale mai inji. Babu mai zama a tsibirin, babu rijiya, babu shago. Tun 1976 Senegal ta mai da shi gandun da aka killace, hekta 45 ne kacal, kuma tare da ma'aikacin gandun ake zagawa.

Da na sauka sai na tuna duwatsunmu na Birni, sai dai na can baƙaƙe ne wuluk, aman wuta ya haife su, kashin tsuntsaye ya yi musu fari kamar an watsa farar ƙasa. Ma'aikacin ya ɗora yatsa a baki, ya nuna mana wani tsagi. Na durƙusa na leƙa. Ga tsuntsu kwance kan ƙwansa guda ɗaya tal, fari fat, baki ja jawur kamar tattasai, baƙin zane ya ratsa idonsa kai ka ce kwalli ya rambaɗa. Gashin wutsiyarsa biyu siriri, tsawonsu ya kai na jikinsa, har sun lanƙwashe a jikin dutsen. Da Faransanci fayeton suke ce masa. A ƙasa abin tausayi ne, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, da ƙirji yake jan jiki. Amma da ɗan'uwansa ya taso daga teku, wutsiyar nan na binsa kamar zare, wallahi ban san lokacin da na ce Subhanallah ba.

Hajiya, ƴar kasuwa, Zango: Ɗiyata, kada ki cika ciki kafin ki shiga jirgin. Ni na ci shinkafa da kifi na ƙoshi, igiyar ruwa ta karɓe abinta tun ba mu yi rabin hanya ba. Ki ɗaura rigar ceto da kyau, ki zuba ido ga tsibirin, ban da kallon ruwan da ke gefenki. Waya a leda.

Malamin lakkwal, Mirya: Hajiya ta yi gaskiya, tawa wayar ruwan gishiri ya kashe ta. Ni kukoki suka tsaya mini a rai. Mu da muka saba da kuka ta tashi sama ta yi inuwar gari guda, can iskar teku ta hana su miƙewa, sun bazu a ƙasa, rassan na rarrafe. Masuntan ƙabilar Lebu suna girmama wurin, sun ce gidan aljanin da ke tsaron Dakar ne. In kin ji ana cewa tsibirin macizai kada ki razana, wani sunan tsibirin ne, Sarpan, baki ya karkatar, ya zo daidai da maciji a Faransanci.

Lokacin sanyi na je. Na ga wata shirwar ruwa mai farin ciki da ke zuwa daga Turai ta ci rani, yadda shamuwarmu ke bin damina ta zo mana. Ta faɗa ruwa da ƙafa, ta tashi da kifi yana mutsu-mutsu. Abu ɗaya ya ɓata mini rai: wani cikin tawagarmu ya zura hannu da waya cikin ramin tsuntsu don hoto. Uwar ta yi ta ƙara mai tsini, mu duka muka ji kunya.

Ƙanwarku ta Garin Malam: Allah ya saka da alheri. Yaya, da wane takalmi zan je? Kuma akwai inda mutum zai yi salla?

Tsohon ɗalibin jami'ar Dakar, Birni: Mai rufe ƙafa, dutsen na yanka kuma yana da santsi. Ki yi alwala tun daga gari, ki riƙe ruwan sha da malafa, inuwa ba ta da yawa. Mu a ɗan lungun da jirgin ke tsayawa muka shimfiɗa rawani muka yi azahar, ruwan na zuwa har kusa da ƙafarmu yana komawa.